Dabinon da Na Kai Gaisuwar Mawaƙin Ingila

Ni dai a sanina, idan mutum ya yi kukan mutuwa to akwai dalili: ko jini ya haɗa shi da mamacin, ko maƙwabtaka, ko sun ci tuwo a kwano ɗaya. Da wannan sanin na baro Maraɗi na zo karatu Villeurbanne, a gefen Lyon ta ƙasar Faransawa, da shi na gama, na sami aiki, na yi aure, har furfura ta fara leƙo mini a gemu. Sai ga shi wata Asabar da hantsi na dawo daga kasuwa da ledar albasa a hannu, na tarar da babbar ɗiyata zaune a ƙasan kicin tana kuka kamar ranta zai fita.

Na ajiye ledar, na dubi uwarta na ce, "Wa ya rasu?"

Ta ce, "Mawaƙin nan nata."

"Wane mawaƙi?"

"Na jikin bango."

Na san hoton. Ya daɗe a manne a ɗakinta, saman teburin karatu: mutum huɗu tsaye a bakin teku cikin manyan riguna na sanyi, dukkansu sun juya wa mai ɗaukar hoto ƙeya. Wato ko fuskar mamacin ban taɓa gani ba, ƙeyarsa kawai na sani, ita ma ban san wacce ce tasa a cikin huɗun ba. Na tsaya ina kallon yarinyar, hawaye shaɓe-shaɓe, na rasa ta inda zan kama zancen. Na yi hamdala a zuci da ba daga gida aka kira ba, sannan ɗacin abin ya biyo baya.

Dalilin ɗacin shi ne, mahaifiyata ta rasu shekarar da ta gabace ta. Ranar da aka bugo mini waya daga Maraɗi, wannan yarinya tana tsaye a ƙofar falo. Ta dube ni, ta dubi ƙasa, ta koma ɗakinta ta rufe ƙofa. Ko ɗigon hawaye ban gani ba. Na je gida aka yi zaman makoki, na dawo, ba ta ce mini uffan ba. Na yi mata uzuri a lokacin, na ce ai ganin kakar tata bai taka kara ya karya ba, hutu ne kawai muke kai su jefi-jefi. Amma yau ga ta tana birgima saboda wani Bature da bai san an haife ta ba. Tsoron da ya kama ni ke nan, kuma gara in faɗe shi ƙarara: na ji kamar na yi asarar ɗiyata tana cikin gidana, kuma ran da tawa ta zo, haka za ta tsaya a ƙofar falo ta dubi ƙasa.

Da yake ni mutum ne mai son sanin asalin abu kafin in yi faɗa a kansa, sai na shiga bincike. A wurin aiki, lokacin da abokan aikina suka fita cin abincin rana, ni ina gaban kwamfuta ina karanta tarihin waɗannan masu ƙeya. Kuma wallahi duk abin da na karanta sai ya ƙara ɗaure mini kai.

Yara ne 'yan wani ƙaramin gari na bakin teku a arewacin Ingila, garin da masana'antunsa suka mutu, samari suka rasa abin yi. Maza uku da mace ɗaya. Sun haɗu tun kafin in zo Turai, sun fara kiɗa a garejin mahaifin mai gangarsu, alhali babu wanda ya iya kiɗan a cikinsu. Wannan ba ƙazafi na yi musu ba, masoyansu ne da kansu ke faɗa, kuma da alfahari suke faɗa. Wani ɗan ƙaramin kamfani, wanda ofishinsa bai wuce ɗakin kwanan mai shi ba, ya buga musu faifai biyu. Manyan kamfanoni suka zo da tayi, suka ƙi. Aka kira su talabijin, suka ƙi zuwa. Mawaƙin nasu kuwa idan ya hau dandamali sai ya ba jama'a baya, ya fuskanci bango, ya yi waƙarsa ya sauka. Faifan biyu ba su sayu ba, kamfanin ya rushe. Ana cikin haka, a hanyarsu ta zuwa wasa wani gari, suka tsaya shan mai, faɗa ya kaure a cikin mota, mawaƙin ya fita ya kama hanya da ƙafa. Shi ke nan ƙungiya ta watse. Ya koma garinsu yana aikin kula da lambun gwamnati, macen ta zama malamar makaranta, sauran biyun kowa ya kama gabansa.

To a nan ne lissafina ya ƙi fita. A ce mutane ba su iya kiɗa ba, ba su yi kasuwa ba, ba su zauna lafiya da juna ba, sannan bayan shekaru masu yawa yaran da ba a ma haifa ba a lokacin su tono su a intanet, su riƙe su kamar gadon uba? Har na karanta wani yana cewa daɗin abin shi ne ba kowa ya san su ba. A wurinmu mawaƙin da ba a sani ba ai ba mawaƙi ba ne, mai ƙiriniya ne a bayan gida. Na sa abin sauraro a kunne na gwada waƙa ɗaya. Jitar tana ƙara kamar injin markaɗe da aka manta ba a zuba masa ruwa ba, muryar mutumin kuma can ƙasa, kamar wanda ke magana a cikin bargo. Na cire na ajiye, na ci gaba da aikina.

Da daddare wajen cin abinci, ganin ta ƙi taɓa tuwo kwana da kwanaki, haƙurina ya ƙare. Na ce, "Kakarki ta rasu idonki a bushe. Mai juya ƙeya ya mutu kin hana kanki abinci. Ki yi mini bayani, don ni kaina ya kulle."

Ta ɗago ta dube ni, ta ce da Faransanci, "Papa, ba iri ɗaya ba ne." Ta tashi ta bar teburin. Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a taƙaice, kamar ta maƙwabtan bene.

Uwarta ce ta zo mini da labarin Paris. Ashe kafin mutumin ya mutu an shawo kansu za su sake haɗuwa su yi wasa a can, bayan duk shekarun nan na gaba. Yanzu ukun da suka rage sun ce za su zo duk da haka, ranar Lahadi da rana, a yi taron tunawa da shi. Yarinya ta riga ta sayi tikiti. Na ce babu inda za ta. Uwarta ta ce, "Baɗi war haka tana jami'a a wani gari. In ka bari ta tafi kuna wannan zaman doya da manja, to kai ka sani." Na yi ta faɗa ni kaɗai har na gaji, sannan na ce in dai za ta je, ƙafata ƙafarta.

Muka shiga jirgin ƙasa ranar Asabar. Tun daga Lyon har Paris abin sauraro na kunnenta, ni kuma ina kallon gonakin Faransawa. Muka sauka a gidan kawuna a Clichy-sous-Bois, ƙanin mahaifiyata, Alhaji ɗan kasuwa da ya fi ni daɗewa a ƙasar nan amma har yau Faransancinsa na ciniki ne kawai. Gidansa a hawa na sama yake, falon rabi kujeru rabi kwalayen shadda da dabino. Matata ta riga ta gaya wa Hajiyarsa a waya cewa yarinya na cikin jimamin rasuwa, don haka muna gama gaisawa, yarinyar ta shige ciki wurin Hajiya, Alhaji ya gyara zama ya sassauta murya.

"Mi ya samu ɗiyar tawa? An ce an yi mata rashi. Mushenta na lakwal ne, malamin makaranta?"

Na ce, "A'a Kawu, mawaƙi ne. Ɗan Ingila."

"To, to. Ta san shi kenan."

"Ba ta taɓa ganinsa ba."

Ya ja carbi. Can ya ce, "Wa ne ubangidanshi? Wa shika yi ma waƙa?"

"Ba ya yi wa kowa."

"To gado ya yi? Ubanshi makaɗi ne?"

"Ba na jin haka."

"Ikon Allah. To mi shika hwaɗi cikin waƙar?"

Na gaya masa iya abin da na tsinta: ruwan sama, jiran motar bas, shagunan da aka rufe, da mutum yana zaune a garin da aka haife shi amma yana jin kansa baƙo. Ina faɗin wannan na ƙarshen sai na ji wani iri, amma ban tsaya a kansa ba. Alhaji ya ce, "Babu kirari, babu zuga, babu habaici? To wa ka ba shi kyauta?" Na ce ai ko kyautar aka kawo, baya yake juyawa. Alhaji ya riƙe haɓa. Mu biyu kowa ya fi wani ruɗewa.

Na ɗauka zai goya mini baya a yi wa yarinya faɗa. Sai na ji ya ce, "Gobe iyalan mamacin za su zo wurin?"

Na ce abokan sana'arsa dai za su zo, waɗanda suka taso tare.

"To ai su ne masu mutuwa. Kuma ɗiyarmu ta yi kuka, ko ba ta yi ba? Hawaye ba ya ƙarya. Wanga abu ni ban gane mai ba, amma mun shiga cikin masu rashi ke nan. Ba za ka roƙa mai gahwara ba tunda ba musulmi ne ba, amma gaisuwa ta masu rai ce. Kuma ba a zuwa gaisuwa hannu rabbana." Ya miƙe da kyar, ya zaro kwalin dabinon Agadas daga cikin kayansa, ya ɗora mini a cinya. Na buɗe baki zan ce abin ba haka yake ba, sai na tuna ni ma ban san yadda yake ba. Ga shi kuma ƙanin uwata ne, ba a musu da shi.

Washegari yarinya ta ga kwali a hammatata a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta ce mene ne wannan. Na ce saƙon Kawu ne. Ta ɗaga kafaɗa ta mayar da abin sauraronta.

Wurin taron wani tsohon ɗakin sana'a ne a bakin magudanar ruwa, ba shi da ko taga. Mai gadin ƙofa ya buɗe kwalin, ya dube ni cikin doguwar rigata da hula, ya dubi dabino, ya rasa dokar da ta hana, ya bar ni na wuce. A ciki rabin jama'ar sa'annina ne, masu sanƙo da furfura cikin baƙaƙen kaya, rabi kuma sa'annin ɗiyata. Na nemi kujera babu. Mutum uku suka fito, tsofaffi tukuf, babu sallama babu gabatarwa. A tsakiyar dandamali an kafa makirfo babu kowa a bayansa, kuma an juya shi yana kallon bango.

Suka fara. Ƙarar ta doke ni a ƙirji har na dafe kwalin. Na jira a yi rawa, babu mai rawa, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Na jira wani ya fito ya yi wa makaɗa liƙi, shiru. Na ce to wa zai yi waƙar? Sai na ji ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka. Na waiwaya, ga ɗiyata ido rufe, tana rera kowace kalma da Ingilishi, jijiyar wuyanta a tashe. Yarinyar da a gida sai ka yi da gaske kafin ka ciro kalma uku daga bakinta. Kishi ya kama ni, kishin mamaci, kuma na ji kunyar kaina da na ji shi. Har aka gama ban gane ko abin da na gani biki ne ko makoki ba.

Da aka kunna fitilu sai na ga an kawo tebur gefe, macen nan mai kaɗa jita mai kaurin murya ta zauna, gashinta fari fat, idonta jawur. Mutane suka yi layi zuwa gare ta, kowa ya isa ya sunkuya ya yi mata magana a hankali ya wuce. Nan fa hankalina ya kwanta, karo na farko tun da na baro Lyon. Wannan kam na san shi. Mai rashi a zaune, jama'a a layi, ai gaisuwa ce. Na gyara hulata na bi layi. Ɗiyata ta biyo ni tana jan hannun rigata, tana cewa, "Papa, me za ka yi? Papa, don Allah." Na ce ta bari, wannan fannina ne.

Da layi ya zo kaina na tsuguna a gaban teburin, yadda ake yi, na ɗora kwalin da hannu biyu. Matar ta yi ɗan murmushin gajiya, ta ɗauki alƙalami, ta rattaba hannu a murfin kwalin dabinon, ta turo mini abina. Sai a lokacin na lura kowa a layin faifai ne a hannunsa. Na tura mata kwalin. Ta sake turo mini. Na sake turawa. Na bayanmu suka fara leƙe, ɗiyata kuwa da ƙasa za ta tsage da ta shige.

Amma na riga na tsuguna, kuma ba a tashi daga gaisuwa ba a yi ta ba. Ingilishina na karatun injiniya ne, ba zai ɗauki wannan kaya ba. Na ce wa ɗiyata, "Ki gaya mata daga Lyon muka zo, kuma kakanki na Clichy ya aiko mu. Ki ce mun ji abin da ya faru. Ki ce mata, ya haƙuri? Allah ya ba ta haƙurin rashin abokin tasowarta. Dabinon na baƙin da za su zo mata gaisuwa ne."

Yarinyar ta tsaya kamar ba za ta yi ba. Sannan ta durƙusa kusa da ni ta fara magana. Ta daɗe fiye da abin da na faɗa, ban san me ta ƙara ba. Matar ta ajiye alƙalamin. Ta dube ni, ta dubi kwalin, har na fara tunanin na yi wani babban laifi a al'adarsu. Can ta yi magana, ɗiyata ta juya mini: wai tun ranar da mamacin ya fita daga motar nan ba su sake magana ba sai 'yan watanni kafin ya mutu, shi ma a waya, kuma rabin hirar faɗa ne. Wai ba ta san ko ta cancanci a yi mata gaisuwa ba. Na ce a gaya mata ba a cancantar gaisuwa, yi kawai ake yi. Ta tambaya ko ina son kiɗansu. Na ce gaskiya ban gane shi ba. Ta yi wata 'yar dariya, ta goge ido da bayan hannu, ta buɗe kwalin ta ɗauki dabino ɗaya, ta miƙa wa mai gangar da ke tsaye a bayanta sauran. Murfin da ta sa wa hannu kuma ta cire shi ta ba ɗiyata.

Muka fito rana ba ta faɗi ba. Kaina ya fi na da kullewa. Wadda ta san shi tun yarinta ta shekara da shekaru ba ta yi masa magana, waɗanda ba su taɓa ganin fuskarsa ba sun cika ɗaki suna kuka. Ɗiyata kuma ba ta ce mini komai ba, tun daga bakin ruwan har tasha, har jirgin Lyon ya tashi. Ta zauna a gefen taga, murfin kwali a cinyarta. Na ce a raina shi ke nan, na kunyata ta a gaban mutanenta, ɗan abin da ya rage ma na ƙarasa shi. Abu ɗaya kawai na lura da shi, abin sauraron yana cikin jakarta.

Mun yi nisa, gari ya fara rufawa, sai ta ce ba tare da ta juyo ba, "Papa, in an ce ma mutum ya haƙuri, me yake cewa?"

Da Hausa ta yi tambayar, Hausarta mai ɗingishi da ta daɗe ba ta yi da ni ba. Na ce, "Sai ya ce, haƙuri da godiya. In aka ce Allah ya jiƙan rai, ya ce amin."

Ta maimaita a hankali, kamar mai haddar darasi. Ta ɗan juya murfin kwalin a hannunta. Sannan ta koma Faransanci ta ce, ranar da aka bugo waya daga Maraɗi ta ga fuskata, ta tsaya a ƙofar falo tana neman abin da ake cewa, ba ta san shi ba. Na Faransanci ya yi mata kama da na baƙi, na Hausa kuma ba wanda ya taɓa yi a gabanta. Ta shiga ɗaki ta sa faifan mutanen nan, shi ta yi ta ji har na je na dawo.

Sai ta gyara zama ta fuskance ni sosai, ta sunkuyar da kai kaɗan yadda ta ga na yi a gaban teburin, ta ce, "Baba, ya haƙurin Kaka? Allah ya jiƙan rai."

Amsar da na koya mata yanzun nan, na neme ta a bakina na rasa. Na cire hulata na rufe fuska da ita, a cikin jirgi cike da Faransawa, ina kuka irin wanda ban yi ba ko a Maraɗi. Ita ce ta riƙe mini hannu, ta ce amin ɗin a madadina.